Likita, wuyana ya hana ni sakat

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar haƙori ce a wani asibiti a Zariya, shekarata 6 ina wankin haƙori da ciko. Kwanan nan in na tashi aiki wuyana sai ya ƙage, kafaɗata ta dama tana zugi, da daddare kuma babban yatsana da manuniya su mutu har in farka ina yarfe hannu. Kullum sai na sha diclofenac. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun kafin in ga yadda kike zama na san inda gizo ke saƙa, domin na taɓa tsayawa bayan wata abokiyar aikinki ina kallo. Wani dattijo ne a kujera, ita kuma kunya ta hana ta kwantar da shi, sai ta bar shi a zaune ta duƙa, ta karkace wuya tana leƙen turamensa na sama kusan rabin awa. Shi ya tafi gida lafiya lau, ita ta zo wurina a gasa mata wuya.

Kan mutum ya kai kilo 5, kuma duk sunkuyon da kika ƙara, jijiyoyin wuya ne ke ɗaukar dakon. Kada sunkuyon ya wuce digiri 20. Marar lafiya za ki juya, kujerarsa don haka aka yi ta. In aikin haƙoran sama ne, kwantar da shi sosai, ya ɗaga haɓa, ki zauna ta wajen kansa ki duba ta madubin baki. In na ƙasa ne, ɗago shi kaɗan ya sauke haɓa. Bakinsa ya zo daidai gwiwar hannunki, hannuwanki kusa da jiki, ƙafafu biyu a ƙasa, ƙugunki ya ɗan ɗara gwiwa tsayi. Na san in an ɗauke wuta kujerar ba ta motsi. To ki daidaita taki kujerar, ko ki yi aikin a tsaye. In da hali ki sayi tabarau mai ƙara girma ninki 2.5.

Mutuwar yatsun nan ce ta fi damuna. Yawanci jijiyar da ke ratsa wuyan hannu ce ake matsewa, saboda riƙe siririn ƙarfe da ƙarfi sa'o'i da yawa. Nemi kayan kankare haƙori masu kaurin mariƙi, marasa nauyi, a riƙa wasa su, domin dakusasshen ƙarfe shi ke sa ki danna. Safar hannu ma kada ta matse. Tsakanin marar lafiya da marar lafiya ki miƙe, ki buɗe ƙirji, ki saki yatsu ko na minti ɗaya.

Diclofenac kullum yana iya ƙwaƙule ciki, ya taɓa ƙoda. Ki daina shan sa haka kawai. Ki je a duba hannun cikin makon nan, kuma in kaya sun fara suɓuce miki daga hannu ko zafin yana gangarowa daga wuya zuwa yatsu, ki faɗa wa likitan tun farko.