Dodon-koɗi Mara Kwanso a Bahar Maliya

Tambaya: Malam, ina ninƙaya a gaɓar Jidda sai na ga wata 'yar halitta mai ratsin baƙi da shuɗi kwance kan murjani. Mece ce?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da duba kan halittar: ƙahoni biyu gare ta, da su take sansana ruwa. Can ƙarshen baya akwai tuntu kamar fure, na numfashi. In babu tuntun, jikin kuma shafal kamar ganye, wataƙila tsutsar teku ce.

Taka, in gefenta ruwan lemo ne, tsawonta wajen santimita 5, Chromodoris quadricolor ce, wani nau'in dodon-koɗi mara kwanso mai cin jan soson teku. Launi yakan yaudari mutum, domin ja dushewa yake yi a zurfi, sai an haska tocila. Ka ɗau hoto ta sama da ta gefe, kada ka taɓa ta.