Amsa ga Mai Neman Wayin Marar Barasa Don Biki

'Yar'uwa, kin ce an ɗora miki nauyin abin sha a bikin ƙaninki a unguwar Nima ta Accra, dangin amarya suna son ganin kwalaben wayin a teburi, ke kuwa ba ki taɓa riƙe kwalbar ba, kina tsoron sayo barasa cikin rashin sani. Kina da gaskiya, domin a shago mai barasa da marar barasa kamarsu ɗaya. Takardar da ke jikin kwalba ce kaɗai za ta raba miki su, ba maganar mai shago ba.

Ki juya kwalbar ki nemi lambar da ke da alamar % kusa da kalmar alc ko vol. Wayin mai bugarwa yakan nuna 11 zuwa 14. Wannan ki mayar da shi inda kika ɗauko. Marar barasa kuma iri biyu ne, nan ne mutane suka fi ruɗewa. Na farko ruwan inabi ne da aka sa wa iskar gas, bai taɓa tsima ba, za ki ga an rubuta sparkling grape juice ko grape drink. Na biyu wayin ne sosai, an bar shi ya tsima ya zama giya, sannan aka janye barasar da na'ura. A jikinsa akan rubuta de-alcoholised, kuma a dokar Turai ana yarda ya rage har 0.5%. Don haka ganin non-alcoholic kawai bai isa ba. A ganina, bikin zango da malamai da dattawa za su halarta, ki tsaya a kan na farko, babu mai tambayarki komai. In zuciyarki ta karkata ga na biyu, ki fara jin ta bakin malaminki.

Ki duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, da ranar lalacewa. Kada ki sayi wanda aka jera a rana bakin titi, ko da ya fi araha, domin zafin Accra yana dafa shi a cikin kwalba: launi ya dushe, ɗanɗano ya koma kamar na dafaffen sukari. In kika ga ɗanko a wuyan kwalba, ya yi yoyo ke nan.

Kwalba ɗaya mililita 750 ce, tana cika ƙananan kofuna shida. Baƙi 100, kofi ɗaɗɗaya, kwalba 17 ke nan. Ki sayi 20.

Sanyi shi ne rabin aikin. Mai gas yana son digiri 6 zuwa 8, wato awa uku a firji. Kada ki dogara da wuta ranar biki. Ki sami roba babba, rabi ƙanƙara rabi ruwa, ki watsa gishiri cikin hannu guda, ki nutsa kwalaben har wuya, minti 30 sun isa. Ƙanƙara ita kaɗai ba ta aiki da sauri, ruwan ne ke rungumar kwalbar ta kowane gefe. Firiza kuwa ki guje ta, in aka manta da kwalba a ciki tana iya fashewa.

Wajen buɗewa nake roƙonki ki kula, don murfin nan yana iya lalata ido. Ki ɓare takardar saman, ki ɗora babban yatsa a kan murfin, ki kwance wayar da ke ɗaure da shi, murɗa shida ce. Ki karkata kwalbar, bakinta na kallon inda babu kowa, ki riƙe murfin gam da tawul, ki riƙa juya kwalbar daga gindi a hankali. Kwalbar ake juyawa, ba murfin ba. Wanda ya yi zafi ko aka girgiza a bayan mota shi ne ke tsiri ya jiƙa wa amarya leshi, saboda haka ki hana samari wasan girgizawa. In za ki zuba, ki karkata kofin, kaɗan tukuna, kumfa ta kwanta sannan ki ƙara.

Game da ɗanɗano, farin ya fi sauƙin sha ga sabon shiga. Jan da aka cire wa barasa yana da bauri irin na goro, daga ɓawon inabi yake zuwa, ba lalacewa ba ce. Sai dai baurin ba ya shiri da yaji, da shito, wato miyar barkonon Ghana, ko tsire ƙara zafi yake yi a baki. Jollof da waakye sun fi tafiya da fari mai sanyi da ɗan zaƙi. Ki sayi kwalba ɗaya ta kowane iri ku ɗanɗana a gida kafin ki ɗauki katan.

Ki tuna da masu ciwon sukari, ruwan inabi ya fi lemon kwalba sukari ma, a ajiye musu ruwa. Abin da ya rage a buɗe kuma a toshe bakinsa a sa a firji, a shanye cikin kwana biyu ko uku, domin babu barasar da za ta hana shi tsami. Allah ya sanya alheri.