Yesu da Falsafar Hindu: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Tambaya: Malam, ni Kirista ne, ina karatun haɗa magunguna a kudancin Indiya. Abokin ɗakina ɗan Hindu ne. Ya ce Yesu ɗaya ne daga cikin avatar, wato saukowar Ubangiji cikin jiki kamar Krishna da suke bauta wa, kuma da ya ce "Ni da Uba ɗaya muke", abin da malamansu suka daɗe suna koyarwa ya faɗa. Wannan fassara tana da tushe, ko daɗin baki yake yi mini?

Amsa: Ɗan'uwa, ba daɗin baki ba ne. Tsohon zance ne a Indiya, kuma manyan masana sun riƙe shi. Sai dai hanya biyu ce, kuma ba gari ɗaya suke kaiwa ba. Akwai ɗan Hindu da ke shigar da Yesu cikin tsarin addininsa, akwai kuma Kirista da ke aron tunanin Hindu don ya bayyana bangaskiyarsa. Abokinka yana kan ta farko.

Tushen maganarsa makarantar Advaita ce, wadda malamin falsafar Hindu Shankara ya ɗaukaka wajen ƙarni na 8. A wurinsa hakikanin samuwa ɗaya ce tak, ita ake kira Brahman, kuma ruhin mutum a can cikinsa ba wani abu ba ne daban da ita. Rabuwar da muke gani jahilci ne ya haifar da ita, kuɓuta kuwa ita ce mutum ya farka ya gane. Masu karatu Musulmi za su tuna da muhawarar wahdatul wujud da ake dangantawa da Ibn Arabi. Sun yi kama, ko da yake ba ɗaya ba ne. Wanda ya karanta Yahaya 10:30, wato ayar "Ni da Uba ɗaya muke", da idon Advaita zai ga Yesu a matsayin mutumin da ya farka, ya faɗi abin da yake gaskiya game da kowa. Swami Vivekananda, wanda ya yi suna a taron addinai na Chicago a 1893, ya yaɗa irin wannan fahimta sosai, kuma yana girmama Yesu da gaske.

A nan nake ganin igiyar ta tsinke. Ikkilisiya ba ta taɓa ɗaukar ayar a matsayin maganar da kowa zai iya faɗa ba. Ta Yesu ce shi kaɗai. A Bisharar Yahaya ɗin nan dai, sura ta 17, Yesu yana addu'a yana ce wa Uba "kai", wato akwai mai ƙauna akwai wanda ake ƙauna. Sannan Kiristanci ya tsaya kan cewa Allah ya halicci duniya daga babu, mahalicci daban, halitta daban. Abin da ya fi nauyi shi ne gano cutar. Idan ciwon ɗan Adam jahilci ne, malami yake bukata. Idan zunubi ne, wato tawaye ga Allah, gafara yake bukata. Fassarar Advaita tana iya riƙe Huɗuba a Kan Dutse hannu biyu, kamar yadda Gandhi ya riƙe ta, amma gicciye ba shi da wani babban aiki a cikinta, alhali kuwa shi ne tsakiyar bangaskiyarka.

Kada kuma ka ɗauka Shankara shi ne Hindu gaba ɗaya. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya koyar da cewa ruhin mutum yana cikin Ubangiji, shi kamar jiki, Ubangiji kamar ransa, bai narke ya ɓace ba, kuma ana kai wa gare shi ta ƙauna da miƙa wuya da alherinsa. Madhva, a ƙarni na 13, ya raba mahalicci da halitta sarai. Shi ya sa Bishop A. J. Appasamy, ɗan ƙabilar Tamil, ya zaɓi Ramanuja wajen karanta Bisharar Yahaya, inda Yesu ya ce shi ne itacen inabi, mabiyansa rassa. A ganina wannan aro ya fi zama daram.

Batun avatar gajere ne. Bhagavad Gita, littafi mai tsarki na Hindu, a sura ta 4, ta ce Ubangiji yana saukowa zamani bayan zamani duk lokacin da gaskiya ta yi rauni, kuma an saba ƙirga saukowar Vishnu, ɗaya daga manyan abubuwan bautarsu, har goma. Kirista kuwa ya gaskata sau ɗaya aka yi, cikin tarihi, a zamanin Bilatus, da jiki mai jin yunwa mai mutuwa. Majalisar Kalsidon, taron shugabannin ikkilisiya na shekarar 451, ta ce cikakken Allah ne, cikakken mutum. Haka nan komowar ruhi cikin sabon jiki bayan mutuwa, da Hindu ke koyarwa, bai jitu da Ibraniyawa 9:27 ba, inda aka ce sau ɗaya mutum yake mutuwa, sai shari'a.

Hanya ta biyu, ta Kirista mai aron tunanin Hindu, ita ma ta daɗe. Roberto de Nobili, limamin Katolika daga Italiya, ya isa birnin Madurai na kudancin Indiya a 1606, ya sa tufafin masu gudun duniya na Hindu, ya koyi Tamil da Sanskrit, harshen littattafan addinin Hindu. A 1882 Keshub Chandra Sen, wanda ba Kirista ba ne, ya kwatanta Triniti da siffofi uku da Hindu ke ba Brahman: sat, chit, ananda, wato samuwa, sani da ni'ima. Brahmabandhab Upadhyay, ɗan Bengal da ya shiga Katolika a 1891, ya ɗauki wannan ya gina a kai: Uba samuwa, Ɗa sanin da Allah ya yi wa kansa, Ruhu Mai Tsarki ni'imar da ke tsakaninsu. Hujjarsa tana da ƙarfi. Idan Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika, ya yi aiki da falsafar Aristotle Bagirke, me zai hana Kiristan Indiya ya yi aiki da ta kakanninsa? Amma lura, Upadhyay ɗin nan ya ƙi kiran Yesu avatar. A 1950 limamai biyu Faransawa, Jules Monchanin da Henri Le Saux, suka kafa zauren ibada na Shantivanam a bakin kogin Kaveri a jihar Tamil Nadu, Bede Griffiths ɗan Ingila ya karɓi jagorancinsa a 1968. Tunda kana kudu, wuri ne da za ka iya ziyarta tare da abokinka.

Wannan hanya ma ba ta tsira daga suka ba. Wasu 'yan Hindu, irin su marubuci Sita Ram Goel, sun ɗauke ta dabarar jan mutane zuwa Kiristanci cikin rigar aro. Suka mafi zafi kuwa daga cikin gida ta fito. Da yawa daga Kiristocin Indiya zuriyar Dalit ne, waɗanda tsarin aji ya ajiye a ƙasa, har ake ƙyamar taɓa su. A shekarun 1980 masana irin su Arvind Nirmal suka ce falsafar Sanskrit ta manyan aji ce, ta waɗanda suka hana kakanninsu shiga haikali, don haka ba za su nemi Yesu a cikinta ba. Za su neme shi a matsayin bawa mai shan wahala irin tasu.