Tambaya da Amsa: Gasar rubuta tarihi ga ɗalibai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Gadarif. Ƙungiyar unguwarmu ta tara ɗan kuɗi don ba da kyauta ga ɗalibin da ya fi rubuta tarihin Hausawan Sudan. Bara mun gwada, sai kusan duk suka kawo labari ɗaya, na Burmi da Mai Wurno, kamar a bakin mutum ɗaya suka ji. Ina gyara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Laifin na taken ne, ba na yaran ba. In aka ce wa ɗan shekara sha shida ya rubuta tarihin Hausawan Sudan gaba ɗaya, abin da kowa ya sani zai kawo: an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi gabas da jama'a, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar. Gaskiya ne, amma an riga an rubuta shi. Ku ƙuntata taken. Masallaci guda, halwa (makarantar allo) guda, kasuwar riɗi, masu agashe na layi ɗaya, ko hanyar da kakan yaron ya biyo har ya iso Gadarif. Ba kowane gida ne ya zo da Mai Wurno ba. Wasu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu kafin tashar jirgin ruwa ta Sawakin, wasu aikin auduga ne ya tsayar da su a yankin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Labarin waɗannan ne ke tafiya kabari ba a rubuta ba.

Ku ba da wata uku, shafi biyar zuwa takwas. Sharaɗin shiga shi ne hira da tsofaffi aƙalla biyu, kowa shi kaɗai, kuma ɗaya ta zama mace. In aka haɗa su a tabarma ɗaya, ƙarami ba ya musa wa babba, sai dai ya ce "haka ne". A ɗauki muryar a waya da izinin mai ita, a faɗi rana da wuri a farkon ɗaukar, a miƙa ta tare da rubutun.

Wurin da yara suka fi faɗuwa shi ne shekaru. Tsoho ba zai ce 1958 ba. A koya musu su tambaya: kafin Turawa su tafi ne ko bayan nan? Wannan 1956 ke nan. Shugaba Numairi na mulki? Tsakanin 1969 da 1985. Kafin yunwar 1984? Da haka ake kewaye shekara. In ba ta kamu ba, a rubuta "wajen", kada a ƙirƙira. In tsofaffin biyu suka saɓa, yaro ya kawo maganar kowa, ya faɗi wadda ya fi yarda da ita da dalilinsa.

Maki ɗari: 40 ga majiya, 30 ga auna maganganun da suka saɓa, 20 ga tsari, 10 kacal ga daɗin harshe. Alƙalai uku, ɗaya daga wata unguwa, a cire sunaye a sa lamba. Kuɗin kuwa a raba shi uku, rabi ga na ɗaya, sauran ga na biyu da na uku. Amma tun farko ku ware na buga kwafi. Ku ajiye rubutu da muryoyi a wuri biyu, ɗaya a wani gari. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 babu wanda ke buƙatar a gaya masa dalili. Rigimar sarauta ko ta gona da ba a kashe ba, ku hana ta shiga gasar.

Tambaya: Ɗiyata ba ta iya boko ba, Larabci ta yi. Za ta iya shiga irin wannan gasa? (Wata uwa daga Kassala)

Amsa: Ƙwarai, Hajiya. Ta yi bayaninta da Larabci, amma maganar tsofaffi ta bar ta da Hausa, da ajami, ta sa fassara a ƙasa. Kirari da sunayen garuruwan asali su ne ke fara lalacewa in an juya su.