Amsa: Me ya raba Michael Jackson da Paul McCartney?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa waɗannan biyun suka daina waƙa tare bayan sun yi tashe. Kuɗi ne, amma ba irin rigimar rabon riba da mutane ke zato ba.

Sun yi "The Girl Is Mine" a 1982, ita ce aka fara saki daga kundin Michael mai suna Thriller, sannan "Say Say Say" a 1983, wadda ta yi mako 6 a saman jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Ni dai ta biyun ta fi min daɗi. Kaset ɗinta sai da ya tsinke a rediyon yayana, muka liƙe shi da jan farce.

A lokacin da suke aikin ne McCartney ya nuna wa Michael cewa arzikin gaske yana wajen mallakar haƙƙin waƙoƙi. Ashe ya koya wa yaro harbi ne. A 1985 Michael ya sayi kamfanin ATV Music kan dala miliyan 47.5, kuma a cikinsa akwai yawancin waƙoƙin da McCartney da John Lennon suka rubuta wa ƙungiyarsu ta mawaƙa, Beatles. Wato mutum ya rubuta waƙa da hannunsa, amma abokinsa ke da iko da ita. Abin ya ƙara zafi a 1987 da Nike ta sa "Revolution", ɗaya daga waƙoƙin Beatles da ke hannun Michael, a tallan takalmi, McCartney bai ji daɗi ba ko kaɗan.

Ba su yi fito-na-fito a bainar jama'a ba. Zumuncin ne ya yi sanyi, ba su sake shiga situdiyo tare ba har Michael ya rasu a 2009.