Zuwa ga ƙanwarmu da barci ya ƙaurace wa

(Muryar da wata 'yar'uwa ta turo jiya bayan isha'i, an rubuta ta saboda masu ƙarancin data.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Mutanen gida, ina wuninmu, ya sanyi? Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Maganata da ƙanwarmu ce, wadda admin ta turo saƙonta da la'asar ba suna. Ta ce kwana tara ke nan da fitowar sakamakon naman da aka ɗiba a nononta, an ce ciwon daji ne. Ko maigida ba ta faɗa wa ba, ba ta barci, gida cike da mutane amma ji take ita kaɗai ce a duniya.

Ƙanwata, sannu. Sannu kin ji? Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ce. Ni shekara huɗu ke nan da aka cire mini na hagu, ga ni ina miki magana, yanzu ma na gama kwashe tuwo.

Ranar da aka faɗa mini, na fito na shiga Napep, har muka wuce Ƙofar Ƙaura ban iya gaya wa yaron inda zai kai ni ba. Takardar na ninke ta na cusa ƙarƙashin zannuwa a akwati. Da rana da sauƙi, ga girki, ga hayaniyar yara. Dare ne abin. Ƙarfe biyu idona biyu, in zauna bakin gado in ƙura wa kitson autata ido, ina tunanin wa zai riƙa yi mata shi in ba ni. Kwana goma sha ɗaya na yi a haka.

To wallahi, duk tafiyar nan da na yi, da aikin da ruwan kemo (maganin dajin da ake sa wa mutum ta jijiya), babu kwanakin da suka kai waɗannan ɗaci. Inda kike yanzu nan ne mafi duhu, domin sunan ciwon kawai kika ji, ba ki ji matakinsa ba, ba ki ji tsarin magani ba, sai zuciya ta yi ta saƙa miki likkafani. Ni ranar da likita ya rubuta mini kwanakin zuwa a kati, ranar na fara barci.

Ga roƙona. Kafin gobe da azahar ki faɗa wa mutum ɗaya. Ɗaya tak, mai riƙe sirri, wanda ba zai fi ki ruɗewa ba. Ni yayata na kira. Ba ta yi mini wa'azi ba, mayafinta kawai ta ɗauko ta zo, ta zauna tana tsince mini shinkafa muna hawaye. Ɓoyon nan shi ke haifar da kaɗaicin, tunda kowa dariya yake da ke, bai san abin da kika haɗiye ba.

Na ce ɗaya saboda in labari ya bazu, kowa zai zo da nasa. Wannan ta kawo garin shafawa, waccan ta ba ki labarin wance da ta rasu. Za kuma a ce miki daji ba ya son ƙarfe, wai in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Don Allah kar ki saurara. Ba allura ke yaɗa shi ba, jinkiri ne. Da yawa daga cikin waɗanda ake ba ki labarin rasuwarsu sai da suka yi watanni ana shafe-shafe a gida, har wurin ya fashe, sannan aka kai su asibiti. Ki yi addu'arki, ki yi tofi, amma ranar asibiti kar ta wuce ki.

Maigida kuwa, ki faɗa masa, in da hali ku shiga wurin likita tare ya ji da kunnensa. Ya ji cewa ba a ɗaukar ciwon nan, ku ci a kwano ɗaya, ki rungumi 'ya'yanki. Na san abin da ke cin ranki game da aure, ni ma ya ci nawa. Amma ki bar wannan sai lokacinsa, yanzu ranki muke nema.

Ki tafi da ɗan littafi, don in likita na magana rabi ba ya shiga kai. Ki tambaye shi mataki na nawa ne, daga 1 zuwa 4. An yi wa naman gwaje-gwajen da ake kira ER da PR da HER2? Su ke nuna irin maganin da zai karɓe ki. Aiki za a fara ko kemo? Nawa duk bayan sati uku ake sa mini. Akwai wani ja a ciki, fitsari kan yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Gashi ya fara zuba wajen sati biyu zuwa uku da na farko, ranar na yi kuka sosai, amma bayan an gama ya tsiro. Abin da ba a wasa da shi zazzaɓi ne. In kina kan kemo zafin jiki ya kai 38 a ma'aunin zafi, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Kuma kukan da kike yi ba rashin tawakkali ba ne, kar wani ya ɗora miki wannan. Annabi Ayyuba ma ya kai kukansa ga Ubangiji, ya ce cuta ta shafe shi. Ni in dare ya yi mini tsawo, alwala nake yi in zauna kan sallaya ina Hasbunallahu wa ni'imal wakil har kiran assalatu. In kuma an kwashe sati biyu ba ci ba barci, ki faɗa wa likita, shi ma akwai taimakonsa.

Admin, ki ba ta lambata. Ƙanwata, ba sai kin faɗi sunanki ba, ki yi mini filashin ko ƙarfe nawa ne, ni zan kira. Ranar da za ki koma asibiti ki gaya mini tun dare, in zo da ruwan zafi a filas mu zauna layin tare. Allah ya tashi kafaɗunki. Sai na ji ki.