Hoton MRI ko allura: wanne za mu fara yi wa Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina shekararsa 67, fitsari na tashinsa sau huɗu ko biyar a dare. Gwajin jini na PSA ya nuna 9. Likita ya ce ko dai a ɗebo tsoka daga furostat ɗinsa da allura, ko a fara yin hoton MRI. Baba ya kafe, wai sankara in ta ji ƙarfe sai ta bazu. Hoton kuma da tsada, ga shi ɗan shagona na Kantin Kwari ke riƙe da gidan. In na biya, mun huta da allurar? Daga wani mai karatu a Ɗorayi.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. In da hali ka biya, a yi hoton kafin allura. Amma kada ka yi wa Baba alkawarin ba za a taɓa shi ba.

Furostat ƙulli ne kamar goro a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta cikinsa. PSA sinadari ne da furostat ke fitarwa cikin jini; in ya haura 4 likitoci sukan sa ido don zargin sankara, sai dai 9 ba hukunci ba ne. Kumburin tsufa na ɗaga shi, haka ma ƙwayar cuta ko robar fitsari.

Tsohuwar hanyar ɗebo tsoka kamar ta masu sayen hatsi a Dawanau ce: a soki buhu wuri goma ko sha biyu a duba abin da ya fito. Ana iya tsallake inda ƙwaro ya ci. MRI yana nuna inda za a soka, kuma ba yanka, ba hasken da ke cutarwa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan maza 500 ya nuna kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa hoton ba su buƙaci allura ba. An kuma gano sankara mai haɗari a kashi 38 na duk waɗanda aka fara yi wa hoton, alhali tsohuwar hanya ta gano kashi 26. A 2019 Ingila ta mai da hoton matakin farko.

Sakamakon hoton na zuwa da maki 1 zuwa 5. In 1 ne ko 2, likita na iya cewa a dakata a riƙa maimaita PSA, don hoto ma yana kuskure. In 4 ne ko 5, allura ta zama dole, saboda sai an ga tsokar a madubin likita ake kiran abu sankara. Maki 3 kuwa shawarar likita ce.

Kafin ka ciro ko sisi, tambayi ƙarfin na'urar. Furostat na buƙatar mai tesla 1.5 ko 3. Wani maƙwabcina ya je inda ya fi araha, aka sa shi a ƙaramar na'ura, ya dawo da hoto dishi-dishi, likita ya ce a sake. Araha ba ta ado. Bari likitan mafitsara ya rubuta irin hoton da yake so da hannunsa. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam. Ka karɓi faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba. In za a sa ruwan allura mai fito da hoto, a duba ƙodarsa tukuna, kuma ka faɗa musu in akwai ƙarfe ko batirin zuciya a jikinsa. Zai kwanta wajen minti 30 zuwa 45 a cikin rami mai ƙara kamar injin niƙa, gara ya sani tun a gida.

Batun ƙarfe na baza sankara, abu ne da da ƙyar ake gani. Abin lura bayan allura shi ne zazzaɓi: in ya zo, asibiti a daren. Na san nauyin baki tsakanin ɗa da uba kan wannan wuri, don haka ka bar likita ko wani amininsa ya yi masa bayani. In kuma kuɗin ba za su haɗu ba sai bayan watanni, kada ku zauna jira, ku koma wurin likita a yi allurar.

Tambaya: Maigidana ya yi sikanin na ciki, aka ce kumburi ne kawai. Mu kwantar da hankali? Daga wata baiwar Allah a Gwammaja.

Amsa: Hajiya, sikanin ɗin da ake shafa mai a mara girman furostat yake nunawa da ragowar fitsari, ba ya kore sankara. In ya kai shekara 45, musamman in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya taɓa yin sankarar furostat, ya je a yi masa PSA, likita ya duba shi. In yana shan finasteride, wato maganin kumburin furostat, ya faɗa, don maganin na rage PSA kusan rabi.